Hotunan Da Ba Ni Na Ɗauka Ba

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuto, don ko matata ba ta san da ita ba. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. In kun kai ƙarshe za ku ga dalili.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne. Lokacin da abin ya faru ina aikin gona a Samnu, wani gari mai dabino da gonakin ban-ruwa a gefen Sabha, cikin Libiya. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji kafin rashi ya fitar da ni, saboda haka a cikin 'yan uwana leburori ni ne ɗan boko. Duk wanda ya sayi sabuwar salula ni yake kawo wa in tayar masa da ita. Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ni kuma kaina ya kumbura, ina ji kamar ni na ƙera wayoyin. Ina da wata dabara da nake taƙama da ita. Maimakon in buɗe wa mutum nasa kont, wato akwatin imel ɗin nan da sabuwar waya ke nema kafin ta yarda ta yi aiki, sai in zuba nawa, in sauko masa da abubuwan da yake so, in cire nawa in miƙa masa. Ya fi sauri, kuma ba mai dawo mini gobe yana cewa ya manta kod ɗinsa, wato lambar sirrin. Na yi wa mutane da yawa haka, ban taɓa ganin illa ba.

Wanda bai zauna a wajen ba ba zai gane yadda bindiga ta zama ba komai ba. In ana biki harbi ake yi, in an yi faɗa harbi ake yi, wani lokacin ma ba a san dalili ba. Mu kuwa in mun zauna shan shayi bayan la'asar, gardama muke yi a kan ƙarar. Wannan ya ce kalash ce, wancan ya rantse babbar nan ce da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura. Akwai wani dattijo Ba'adare a cikinmu da yake cewa in dai ba kanka aka saita ta ba, ka ci gaba da shan shayinka. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban kuma taɓa sha'awa ba. Abin da ya kai ni ƙasar in tara abin da zan tara in koma wurin matata da 'yata, wadda aka haifa bayan tahowata, ban taɓa ganinta ba sai a hoto.

Mai gonar tsoho ne, Haj muke ce masa, ba ruwansa. Yana da wani ɗa da ke zuwa ran Juma'a cikin mota mai baƙin gilashi wadda ba ta da lamba. Shi ba soja ba, shi ba ɗan sanda ba, amma kullum da wandon sojoji, kuma da kalash a kujerar gefensa kamar yadda wani zai ajiye gorar ruwa. Wata Juma'a ya zo da sabuwar waya a kwali, aka ce masa ga wanda ya iya. Na karɓa da sauri, ina son in burge. Na zuba kont ɗina kamar yadda na saba, na sauko masa da abin da ya ce. Ban kai ga cirewa ba aka kira shi a tsohuwar wayarsa, ya miƙe, ya fizge sabuwar daga hannuna, ya shiga mota ya tafi. Na ce a raina in ya dawo zan cire. Da ya dawo kuwa na tsaya ina kallonsa daga nesa, na rasa ta inda baƙin lebura zai fara ce wa Balarabe mai bindiga ya ba shi wayarsa. Na ce sai wani satin. Haka na yi ta ɗagawa har na daina tunawa.

Wata rana da azahar ina hutawa a gindin dabino, na buɗe wajen hotuna don in kalli yarinyata, lokacin ta fara tatata. Sai na ga akwatunan katako a jere cikin wani ɗaki. Na matsa gaba, ga su a buɗe, bindigogi kwance a ciki sababbi fil, da man su da komai. Na sake matsawa, ga wasu mutane suna lodi a mota, fuskokinsu tar, har da ɗan Haj yana dariya. Tsakanin wannan hoto da wancan kuma ga 'yata tana riƙe da ƙafar kujera. Na ce inna lillahi, na kife wayar a ƙasa. Da farko na ɗauka wani ne ya turo mini bisa kuskure, na bincika ban ga saƙon kowa ba. Washegari wasu suka ƙaru. Duk hoton da mutumin nan ya ɗauka a inda yake, sai ya faɗo cikin wayata.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. A kan hanyar Sabha akwai bawaba, wato shingen masu bindiga, kuma sun saba karɓar wayar baƙi su bincika. Baƙin mutum da hotunan makamai a waya, wa zai tsaya ya ji bayaninsa? In na ce ba nawa ba ne, za a ce na wane ne, in na faɗa kuma na mutu. In goge, ina tsoron su ɓace a wajensa ya gane. In je in gaya masa, na gaya masa ke nan na ga abin da bai kamata in gani ba. Na daina shiga gari. Ina tura wayar cikin ciyawar dabbobi in tafi aiki, kafin in kai bakin rijiya in dawo in duba ko tana nan. Abinci ya daina shiga. In na ji ƙarar mota sai in leƙa in ga ko shi ne. Abokan aikina suka fara tsokanata wai mushe ya yi budurwa a waya, ina yaƙe kawai. Na gwada jin ta bakinsu a fakaice, na ce wai in mutum ya goge abu a waya ya tafi ke nan? Wani ya ce ai Turawa na da wata ƙatuwar kwamfuta da ke ajiye komai har tashin duniya. Wani ya ce ƙarya ne, in ka cire batir shi ke nan. Babu wanda ya san komai a cikinmu, har da ni da suke kira mushe.

Da abin ya ishe ni, na bi motar da ke kai albasa kasuwar Sabha, na cusa wayar a tsakiyar buhu. A bawaba aka sauke mu aka lalube mu, na ce ba ni da waya, aka harare ni aka bar ni. Na wuce unguwar Gurda wajen wani Bakano mai gyaran waya, wanda yake da kwamfuta a shagonsa, ana cewa ya san aikinsa. Na ja shi gefe na nuna masa. Hoto biyu ya kalla ya miƙo mini da sauri kamar ta ƙona shi. Ya ce wayata da ta mutumin rumbu ɗaya suke zuba hotuna, a can cikin intanet, kuma kowa na iya buɗe rumbun. Sannan ya dube ni ya tambaye ni ko na yi tunanin cewa yadda nake ganin nasa, haka shi ma yake ganin nawa. Wallahi duk tsawon lokacin nan wannan bai taɓa zo mini ba. Tsoro ya rufe mini ido, kaina kawai nake tunani. Nan take na tuna abin da ke ciki. Lambobin 'yan gidanmu duka. Ƙofar gidanmu. 'Yata. Da hotunan da mace ke tura wa mijinta da ya yi nisa, kanta ba ɗankwali, waɗanda ba wani namiji a duniya da ya kamata ya gani sai ni.

Bakanon ya ce kada in taɓa hoton mutumin ko ɗaya, kada kuma in canza kod, don wayarsa za ta tsaya ta nemi sabo, ni zai nema. In goge nawa kawai, sannan in fitar da kont ɗin daga wayata. Ya ce amma in sani in na goge sun tafi har a wajena. Bai karɓi komai a hannuna ba, ya dai roƙe ni don Allah kada in sake zuwa shagonsa. Na samu inuwar wani masallaci na zauna ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar suna, ranar da ta fara zama, ranar da haƙori ya fito. Ina gogewa hawaye na zuba, mutane na wucewa suna kallona. Da na gama na fita daga kont ɗin, wayar ta koma fayau. Na koma Samnu ina jin kamar an sauke mini kaya, har na ci tuwo da yawa ranar.

Juma'ar da ta biyo ɗan Haj ya zo. Ya gaisa da mahaifinsa, sannan ya yafito ni. Ya sa na zauna kusa da shi a kan tabarma, abin da bai taɓa yi ba, ya zuba mini shayi da hannunsa. Kalash ɗin na jingine da bango a bayansa, bai ko kalle ta ba. Cikin fara'a ya tambaye ni ina hotunan yarinyar suka tafi. Ya kira sunanta, sunan da uwarta ke kiranta da shi a bidiyo. Ya ce mahaifiyarsa na son yarinyar ƙwarai, Allah ya sa ma ya riga ya tura mata da yawa a wayarta. Ya ce gidanmu na da kyau, amma katangar baya na son gyara kafin damina. Ya ce tun satin farko ya gane ina ganin nasa, ya kuma bar abin haka, don ya san mutumin da ke da 'ya kamar wannan ba ya yawan magana. Duk wannan da murmushi ya faɗe shi, yana dafa kafaɗata. Bai ambaci matata ba, ni kuma ban iya ɗaga ido na dube shi ba. Daga ƙarshe ya ce in ba shi kod ɗin. Na ba shi. A gabana ya kira wani abokinsa, abokin ya gaya masa yadda ake canzawa, ya canza, kont ɗina ya zama nasa da duk abin da ya rage a ciki.

Ban gudu ba, don na ga gudu zai sa ya yi zaton wani abu. Na daure har aka gama cire albasa, na je na yi wa Haj sallama. Abin da har yau ya tsaya mini a rai, ɗan nasa ne da kansa ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni Sabha. A bawaba ko tsayawa bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga. Ya saya wa yarinyar alewa da 'yar riga ya ce in kai mata. A hanyar sahara na jefar da su.

Yanzu ina gida. Na canza wa matata layi, na ce mata tsohon ba ya kama rezo, kira ba ya shiga. Na hana ɗaukar hoto a gidana, ita ta ɗauka ustazanci na koyo a can, har tana yi mini tsiya. Amma ba zan iya canza layin kowa da kowa ba. Sallar da ta wuce yayana ya shigo da murna, ya ce wani Balarabe ya kira shi daga Libiya, da 'yar gurguwar Hausarsa, ya yi masa barka da salla, ya ce a gaishe ni, ya kuma tambaya ko yarinyar ta isa shiga lakwal. Yayana ya ce lalle na yi dacen uban gida, irin waɗannan ba su da yawa. Na ce masa haka ne.

Abin da na koya, ɗan sanin da nake taƙama da shi rabi ne, kuma rabin nan ne ya cuce ni. Na ɗauka kont wani ɗan abu ne da ake ara wa mutum kamar caja, ban san iyalina gaba ɗaya na miƙa ba. 'Yan uwana masu tafiya neman abinci, da ku masu taya mutane tayar da waya, don Allah kada ku zuba naku a wayar kowa, ko na minti ɗaya ne, ko wane ne shi. In kun riga kun yi, ku cire tun yana gabanku, kada kunya ko tsoro su sa ku ce sai wani satin. Ku matan aure kuma ku yi haƙuri, ku san abin da kuke turawa, don mijin naku ma bai san inda yake zuwa ba.

Yarinyar ta shiga lakwal bana. Ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta, ko ina tsakiyar aiki sai na ajiye na tafi. Uwarta na cewa ba ta taɓa ganin uba mai son 'ya irina ba. Mai yiwuwa mutumin nan gaisuwa kawai ya yi tsakaninsa da Allah, mai yiwuwa kuma tuna mini yake yi. Ba ni da hanyar da zan sani, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Ku sa mu a addu'a.