Kawu Bandir

Duk wanda ya san Kawu Sale, wan mahaifiyata, ya san bai iya cewa "da yawa" ba. Tun da ya fara sayar da kwanon rufi a kasuwar Ƙanƙara, kalmar bandir, wato ɗaurin kwano guda, ta kama mashi baki. Jikoki bandir, sauro bandir. In ka ce, "Kawu, ina gajiya?" sai ya ce, "Akwai ta, bandir biyu."

Kuma shi ba ya kwance bandir, ko waye kai. Wata damina ɗakin matarsa, Inna Hure, ya riƙa yoyo har tana jera tukwane bisa gado. Ta ce, "Malam, falle biyu kacal ake nema, ga shago cike."

Ya ce, "In na zare biyu, sauran su zama me? Marayu?"

Ƙarshenta ƙanenta ne ya sawo a wani shagon. Kawu ya zo ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki, wai ba kauri.

Lokacin zaɓe wani ɗan takara ya zo unguwarsu, ya yi alƙawarin asibiti da taki da burtsatse da kwalta har Sabuwa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Alhaji, duk a bandir guda za su zo?"

"In sha Allahu, Baba."

"To kai dai na yarda ka kwance naka. Zaro mamu burtsatsen yau."

Har gobe guga ake ja a unguwar.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu wajen Pauwa, mahaifinmu ya rasu, muka iso gidan Kawu da kayan jikinmu. Dangi suka zauna rabon yara: ni Faskari, ƙannena Damari. Mahaifiyarmu Hajara na gefe, ta rufe fuska da mayafi.

Kawu ya ce, "'Ya'yan Hajara bandir ne. Ku nemi wani abin rabon."

Aka ce, "Malam Sale, ina za ka sa su?"

Sai ya miƙe. Ya shiga ɗakinsa, ya naɗo tabarma, ya ɗauko buta da rediyo, ya koma zaure. A nan ya zauna har ƙarshen ransa, yana yi mamu faɗa wai mun cika cin tuwo.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata mashi makwanci, Ya haɗa mu da shi a gidan da ba a tashin kowa.