Neman Laifin Malamin Awaki

Shekarar da na gama jami'a na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Gusau, a saman bene, inda taga ke kallon wata tsohuwar darbejiya. Gaskiya na fi son tagar a kan aikin. Ofishin yana shirya wa mata darussa ta waya, na sabulu da ɗinki da kiwon awaki. Malami yana zaune a Kaduna ko nan Gusau yana magana, mata kuma su taru a gida ɗaya a Tsafe ko Bungudu ko wata unguwa a Gusau, a jingina waya da turmi, a shimfiɗa tabarma a saurara. Masu ɗaukar nauyin shirin suna can wata ƙasa mai sanyi. Ba mu taɓa ganinsu ba, sai saƙonninsu. Ni kuma aikina shi ne in an kammala zangon karatu in bi ɗalibai in ji ra'ayinsu, in rubuta, a aika.

An ba ni takarda mai taurari biyar a jere. Na ji daɗin wannan, don tun ina ƙarama nake son taurari, ban dai taɓa zaton za a biya ni albashi in riƙa raba su ba. Nakan yi wa mata bayani cewa tauraro ɗaya yana nufin darasi bai yi ba, biyar kuma ya yi sosai.

Ranar farko a Tsafe wata Hajiya mai farin gilashi ta tambaye ni, "Shidda fa?"

Na ce, "Babu shida, Hajiya."

"To ki sa ma Malam biyar, sauran mu cika da addu'a."

Na karanta tambaya ta gaba: me ya kamata a gyara? Ta ɗaga hannu sama ta ce Allah shi gyara mu baki ɗaya. Matan suka amsa da amin, ni ma na amsa, na rubuta.

Haka aka yi ta yi gida bayan gida. Abin mamakin shi ne na san darasin kiwon awaki yana da laifi, don na sha zama a cikinsa. Malamin likitan dabbobi ne, mutumin kirki, Hausarsa tas, amma bai iya ajiye waya ba. Abin da muke gani kawai shi ne fankar ɗakinsa tana juyawa da ɗan saman hularsa. Ya sa darasin dab da azahar, daidai lokacin da tukunya ke kan wuta. Sunayen magunguna kuwa da Turanci yake jero su da sauri. In ya ce, "Kun gane?" sai a haɗa baki a ce, "Mun gane, Malam." Wata rana sabis ya ɗauke, fanka ta tsaya cak, murya ta yi shiru. Matan suka sunkuyar da kai cikin ladabi, ba mai ko tari, suna zaton Malam tunani yake yi. Sai da wata akuya ta zo ta tunkuɗe wayar aka san an daɗe da rabuwa.

Duk da haka biyar suka ba shi, kowa da kowa.

Wata safiya ogan ofishinmu ya kira ni. Mutum ne mai kirki wanda ba abin da yake tsoro a duniya kamar saƙon masu ɗaukar nauyi. Ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce, "Sun ce ba a taɓa yin darasin da ba shi da laifi ba. Suna ganin gindin bishiya kika samu kika zauna kika cike takardun da kanki. In ba mu kawo musu koke na gaskiya ba kafin ƙarshen wata, za su rufe ajin awaki, kuma dalilin da za su rubuta shi ne ma'aikaciya ta ƙirƙiri amsoshi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ni da ko a makaranta ban taɓa leƙa takardar wani ba.

Oga ya rage murya. "Ki ɗan goge wasu taurarin mana. Nan uku, can biyu. Wa zai sani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato in yi ƙarya don su yarda ban yi ƙarya ba?"

Ya ce, "Ke dai matsalarki kin cika karanta waƙoƙi."

Na roƙe shi ya bar ni in sake zagayawa, ya ce in je, amma in dawo da laifi ko da guda ɗaya ne.

Na koma Tsafe ina neman laifi kamar mai neman allura a cikin yashi. Na zauna a gaban matan na ce, "Don girman Allah ku taimake ni da laifin Malam ko ɗaya. In ba haka ba rufe ajin za a yi." Hankalinsu ya tashi. Suka koma gefe suka yi shawara, sannan Hajiya mai gilashi ta dawo ta ce sun samo. In rubuta cewa kawunansu ne ba su ɗaukar karatu da wuri.

Na ce, "Hajiya, na Malam ake so. Kuma ba za a sa sunan kowa ba, ba wanda zai san wadda ta faɗa."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Har Allah ba za shi sani ba? Ɗiyata, mutum ya bar aikinai yana koya muna kyauta, mu kuma mu zauna mu ci namanai? Wa ya rene ki?"

Suka tausaya mini dai, suka ƙulla mini soyayyar gyaɗa a leda. A mota ina cin gyaɗar ina kallon duwatsu suna wucewa, ina tunanin yadda kunya da tarbiyya za su haɗa kai su mayar da ni maƙaryaciya.

Wurin ƙarshe da ya rage shi ne wani gida a yankin Bungudu, ta wajen Karakkai. Gidan wata tsohuwar Bafulatana ne da kowa ke kira Inna, kuma a tsakar gidanta ake darasi saboda gindin rumbunta ne kaɗai sabis ke sauka. Damina ce, gero ya fara fitar da kai, iska tana bi ta cikinsa kamar ana taje gashi. Inna ta dama mini fura da nono, ta ba Malam biyar, ta ƙara masa da fatan gamawa da duniya lafiya. Sauran matan suka bi sahu. Na haƙura. Na fara tattara takarduna don in kama hanya kafin la'asar, sai na tuna da saƙon da aka ba ni.

Na ce, "Af, mako mai zuwa babu darasi. Malam zai je gida Borno bikin ƙanensa."

Inna ta ajiye ludayi a hankali.

"Borno? Wanga malami Babarbare na?"

Na ce e, a Kano dai ya tashi.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda aka gada kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ya halatta, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ni kam ban taɓa kawo shi a raina ba, don babu gurbinsa a takardata. Fuskar Inna ta washe kamar an yi mata bushara da jika. Ta gyara zama, ta nuna wayata da baki.

"Kunna abin ɗaukar magana, ɗiyata. Kunna shi da kyau."

Na kunna.

"Kai, Babarbare! Ashe bawana na munka zauna muna ce ma Malam! Shi ya sa kake ɓoye fuska kar in gane ka, watanni muna kallon fanka kamar fanka munka zo koyon kiwo. Mi Babarbare ya sani ga akuya in ba cin namanta ba? Ka tashi ka sa muna karatu tukunya na bisa wuta, tuwona ya ƙone har ya gaji. Ka riƙa kiran sunan magani kamar mai kiran aljannu, ka ce kun gane. To ba mu gane ba! Ko rana ɗaya ba mu taɓa ganewa ba!"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Wata Bafulatanar ta karɓa ta ce yana gudu da magana kamar an biyo shi. Sai ga wata Bahaushiya tsantsa, wadda na san danginta kaf manoma ne, ta matso kusa da waya ta ce, "Ni ma kakata ta wajen uwa Bafulatana ce," sannan ta zazzage nata: ba ya barin a yi tambaya, kuma maganin da yake faɗi ba a samunsa ko a kasuwar Bungudu. Kafin a watse kusan kowace mace a gidan ta tono Bafulatani a zuriyarta.

Na tambayi Inna taurari nawa za a ba shi yanzu.

"Guda. Shi ma don darajar akuya." Har na miƙe ta riƙo gefen hijabina. "Kuma kar ku kuskura ku canza muna shi. Yanzu karatu zai yi daɗi."

Na dawo Gusau na zauna gaban tagata na fassara. Na cire zancen bawa da na cin naman akuya, don na san a ƙasar sanyi za su kira taron gaggawa a kansu. Abin da ya saura koke ne tsaf, kowanne da gaskiyarsa. Oga ya karanta yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Amsa ta zo da wuri. Sun ce wannan ita ce sahihiyar muryar ɗalibai, sun janye zarginsu a kaina, ajin awaki zai ci gaba.

Malam kuwa na tura masa muryar Inna ina fargaba. Ya kira ni yana dariya har da shaƙewa. Ya mayar da darasi bayan la'asar, ya sauko da waya aka ga fuskarsa, kuma abin da ya fara cewa shi ne, "Ina tsohuwar nan ta daji? An wanke ƙwarya yau kuwa?" Inna ta rama nan take. Tun daga ranar ba a sake cewa mun gane ba sai an gane.

Sai dai masu ɗaukar nauyi sun ji daɗi fiye da kima. Suka ce irin wannan koken suke so daga kowane aji. Oga ya daina tambayar masu neman aikin koyarwa takardun makaranta, ya koma tambayar asali. Ya taɓa leƙowa ofishina ya ce, "Matan Tsafe Katsinawa ne ko? To a nemo mini abokin wasansu, Banufe wanda ya iya sabulu."

Wadda abin ya fi shafa ita ce malamar ɗinki, baiwar Allah, haifaffiyar Gusau, gwana a aikinta, wadda ba ta da abokiyar wasa ko ɗaya a cikin ɗalibanta. Biyar take ta samu, har aka aiko mata da takardar neman ba'asi. Wata rana ta same ni a bakin bene, ta waiwaya ta ga ba kowa, ta ce, "Ƙanwata, in kin je wurinsu, ko za ki ɗan ce musu kakana daga Borno ya zo?"