Hoton Kar-ka-motsa

Shekara ashirin da shida ya yi yana hana mutane motsi, shi kuwa ba wanda ya taɓa ganin ya zauna ko na tsawon shan ruwa kofi guda. A tsaye yake cin abinci. In babu mai son hoto, sai ya yi ta kai da komo a barandar da ke jikin gidan waya, ya gyara labule, ya goge gilashi, ya sake gyara labulen da ya gama gyarawa yanzu. Telan da ke da shago a gefensa yakan ce kallonsa kawai jiri yake sa shi, har ɗinki ya karkace masa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin 'yan unguwa. Kar-ka-motsa ake kiransa, manya da yara.

Kayan aikinsa akwatin katako ne mai ƙafa uku, da ya saya a hannun wani tsoho da idonsa ya raunana. A gaba akwai gilashi mai murfi. A gefe akwai baƙin hannun riga da yake zura hannunsa ta ciki, ya laluba takarda da 'yan farantan ruwan magani guda biyu a cikin duhun akwatin. Kowane hoto takarda biyu yake ci. Ta farko takan fito a juye: fuska fara fat, farar riga baƙa wuluk. Ita yake kira baibai. Sai ya manna baibai ɗin a wani ɗan allo gaban gilashi, ya sake ɗaukarta a takarda ta biyu, sannan mutum ya dawo kamanninsa. Ya daina bari a ga baibai tun ranar da wata tsohuwa ta leƙa bokitin wanki, ta ga kanta da farar fuska, ta ce a ba ta mayafinta ta tafi.

Ba shi da agogo, a bakinsa agogon yake. In ya zaunar da mutum a kan benci, ya daidaita masa haɓa, sai ya cire murfin gilashi yana cewa a hankali: kar ka motsa, kar ka ƙifta, kar ka yi tari, an gama. Tsawon wannan maganar shi ne daidai hasken da takarda ke buƙata. In rana ta yi lumshi sai ya ƙara jan kalmomin.

Rabin garin sun zauna a kan bencin nan. Masu neman aiki sukan ari kwat a wurin tela, kwat guda, har sai da manajan wata masaƙa ya tambaya ko duk masu neman aikin 'yan gida ɗaya ne. Samari sukan ɗage hannu don a ga agogon aro. Wata mata takan zo duk shekara da 'ya'yanta, ta jera su gaban labulen mai zanen bene da jirgin sama, ta sa hoton a wasiƙa ta tura wa mijinta da ke aikin hanya a can nesa, don ya ga yadda suka yi tsawo. Kar-ka-motsa bai taɓa barin hoto mai dishi-dishi ya bar hannunsa ba. In wani ya girgiza kai, yaga takardar yake yi a sake, ko wanda aka ɗauka ya ce ya yafe. Yakan ce hoto na shiga ɗakunan da shi ba zai taɓa shiga ba, kuma a can ne za a tambayi wa ya ɗauka.

Shi kansa ba shi da hoto ko ɗaya.

Autarsa ce ta fara lura da haka, lokacin da aka ɗauke ta makarantar koyon unguwarzoma a wani birni mai nisan kwana biyu a jirgin ƙasa. Shekara uku za ta yi. Ta tattara hoton innarta, da na yayyenta, da na kakarta da ta rasu, ta ce saura nasa. Ya ce gobe. Wata guda yana ce mata gobe, yana kawo dalilai: yau akwai layi, yau hadari ya taso, kuma wa zai riƙe akwatin in shi ya zauna? Ana cikin haka takarda ta yanke a kantin da yake saye, aka ce sai mota ta zo, motar kuwa ta ƙi zuwa. Ranar da Auta za ta tafi, ya zura hannu a akwati ya ƙirga. Takarda uku ta rage. Jirgi ƙarfe biyu zai tashi.

Da hantsi suka iso barandar, Auta da innarta, akwatin kayanta a kan Auta. Innar ta ajiye jakarta ta ce ita za ta cire murfin, tunda shekara ashirin da shida tana jin wannan waƙar tasa har a cikin barcinsa. Tela ya kashe kekensa ya fito da kwat ɗin a kafaɗa. Kar-ka-motsa ya ce ba ya so. Tela ya ce ai shi kaɗai ya rage a garin bai sa ba, gara ya sa kada kwat ɗin ya yi fushi. Sai ya karɓa ya sa.

Sai da aka yi kusan rabin awa kafin ya zauna. Ya zaunar da Auta a gurbinsa ya daidaita gilashi a kanta, ya tashe ta, ya zauna, ya miƙe ya matsar da ƙafar akwati, ya dawo, ya tuna labule ya karkace. Ya ji bencin wani iri. Bai taɓa ganin akwatinsa ta nan gaba ba, da idon nan guda ɗaya yana kallonsa, kuma sai ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, shi da ya ajiye wa dubban mutane nasu.

Innar Auta ta cire murfi ta fara maganar, amma da saurin da take kiran yara cin abinci. Kafin ta kai kan kar ka yi tari ya ɗaga hannu zai ce ta ja a hankali. Da baibai ɗin ta fito, sai ga mutum mai hannu uku. Tela ya ce wannan shi ne ainihin kamanninsa, a bar ta haka. Kar-ka-motsa ya yaga ta gida huɗu.

Saura biyu. Ya ce wannan karon kada kowa ya ce komai. Zai yi maganar a zuciyarsa, in ya gama zai buga yatsan ƙafa a ƙasa, ita kuma ta mayar da murfi. Ya zauna, ya dafa gwiwoyinsa, ya kafe ido. Aka buɗe. Kai bai motsa ba, hannu bai motsa ba, ido bai ƙifta ba. Ya buga ƙafa, aka rufe.

Ya zura hannu a akwati, ya jira, ya zaro takardar ya ɗauraye a bokiti. Hula tsaf, idanu tsaf, har zaren maɓallin kwat ana gani. Amma baki babu. Wani hazo-hazo ne a wurin, kamar an shafa babban yatsa a kan ɗanyar tawada. Maganar da ya ce a zuciya zai yi, ashe leɓɓansa sun bi ta tun daga kar ka motsa har an gama, shi bai sani ba.

Innar Auta ta ce ta ga bakin yana tafiya, amma shi ya ce kada kowa ya yi magana.

Ya tsaya da baibai ɗin a hannu tana ɗiga. Takarda ɗaya ta rage, kuma ya san abin da za ta iya. Ko ya sake zama a samu baibai mai kyau, Auta ta tafi da uban da ke da farar fuska da baƙar hula, wanda ba za ta iya nuna wa kowa ba. Ko ya juyar da wannan, ta tafi da hoto irin wanda ya yi shekaru yana yagawa. Ya je ƙarshen baranda ya dawo. Ya sake zuwa. Agogon gidan waya ya buga sha biyu. Yatsunsa sun riga sun kama gefen takardar yadda suka saba.

"Baba, kar ka yaga," in ji Auta.

Ya ce za a tambaye ta wa ya ɗauka.

"Sai in ce Inna ce."

"To, ni za a ɗora wa?" in ji innar.

Auta ta karɓi baibai ɗin daga hannunsa, ta manna ta a allon da kanta, kai a ƙasa, yadda ta ga yana yi tun tana rarrafe. "Ni ban taɓa ganin bakinka a tsaye ba. In ya fito a tsaye, ai hoton wani zan tafi da shi."

Ya dube ta, ya dubi allon. Ya ɗan gyara mannin, don ta karkata shi kaɗan. Sannan ya cire murfi, ya faɗa wa hoton kansa kar ya motsa, kar ya ƙifta, kar ya yi tari.

A jiƙe ta tafi da hoton, tana kaɗa shi a iska har tasha. Shi ya ɗauki akwatin kayanta ya yi gaba, su biyun suna binsa da sassarfa. Da jirgi ya tashi bai tsaya ɗaga hannu ba, sai ya bi taragon da kallo yana taku a gefensa har inda dakalin ya ƙare.

Da ya dawo baranda babu takarda, babu aikin yi. Baibai ɗin na nan manne a allo ta bushe. Ya ɓamɓare ta, ya juya ta, ya sa a aljihun gaba. Tela ya leƙo ya ce a dawo masa da kwat kafin ya saba da jikinsa. Kar-ka-motsa ya tuɓe ya miƙa masa, ya zauna a kan benci yana kallon idon akwatin. Tela ya fara ƙirga a fili. Bai kai bakwai ba, mutumin ya miƙe ya nufi labule.