Sufeto da Ƙwan da Bai Sauko Ba

Shekara talatin da ɗaya Sufeto ya yi yana zagaya makarantu yana ƙirga abin da babu: tebura, alli, malamai. Ko murfin biro ne ya yi ƙafa, sai ya shiga rahoto. Da ya yi ritaya sai ya juyo kan gidansa, har matarsa ta fara ɓoye cokulan da suka lanƙwashe.

Wuri ɗaya ne bai taɓa dubawa ba: ƙarƙashin karen da ɗansa ya rasu ya bari. Shekara uku ke nan karen yana kwana a ƙofar ɗakin marigayin. Sufeto, wanda a da ko inuwar kare ba ya so, yanzu shi ke tace masa ruwan sha. Ya ƙudurta sai karen nan ya bar baya. Ya yi wa maƙwabta huɗu alkawarin kwikwiyo, ya kuma amince da karyar mai kanti bayan ya yi mata ziyarar bazata sau biyu.

Ran da ya kai karen a duba lafiyarsa kafin a haɗa su, likitar dabbobi ta lalube shi, ta ɗago kai.

"Baba, ƙwan marainansa ɗaya ne a waje. Ɗayan bai sauko ba, yana can cikin ciki."

"Makara ya yi ke nan. A ba shi wa'adi zuwa zango mai zuwa."

"Tun yana wata shida wa'adin ya cika. Wanda ya maƙale a ciki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji, kuma 'ya'yansa na iya gado. Fiɗiya za a yi masa, a cire duka biyun."

"Har da wanda ya zo a kan lokaci? 'Yata, a aikinmu ba a hukunta wanda ya halarta saboda wanda bai zo ba."

Ya koma gida ya rubuta takardar ƙorafi mai shafi uku. Matarsa ta karanta a tsaye.

"Malam, jikoki kake nema a wurin kare?"

Ya karɓe takardarsa, ya ninke ta.

"Ni dai wanda ke kwance a ƙofar can nake so ya daɗe," ta ce, ta koma kicin.

Washegari ya koma wurin likitar, ya karanta takardar amincewa da tiyata sau biyu, layi bayan layi, ya sa hannu. Sannan ya tambayi likitar ko za a bar shi ya zauna kusa har karen ya farfaɗo. Ta jawo masa kujera.