Inshorar da Ba Ta Kai Bakin Kogi Ba

Tun da Glenys Tuckwell ta auri Merv, ta baro kan tudu ta tare a bakin kogi, ba ta ƙara yin barcin kirki da damina ba. Gidansu na katako ne a kan dogayen dirkoki, ginin mahaifin Merv, kuma Merv ba ya gajiya da bugun ƙirjin cewa ruwa bai taɓa leƙa musu ɗaki ba. Shi yana tuƙa motar ɗaukar rake, ita tana haɗa wa yara abincin rana a makarantar firamare. Duk wani biyan kuɗi na gidan a wuyanta yake.

Bara kuɗin inshorar gida ya yi tashin gwauron zabo. Ta zauna a kicin tana gwada kamfanoni a wayarta, wannan kusa da wancan. Duk kanwar ja ce, sai fa in mutum ya cire ambaliya. Gobara, ɓarayi, iskar da ta yaye rufi, za a biya. Kogi in ya hauro, sai dai ka rungumi ƙaddara. Rabin layinsu sun cire tuntuni, ita ma ta cire. Ta ce wa kanta tsada ce. Amma a can ƙasan ranta, ta gaji ne da zama ita kaɗai matsoraciyar gidan, ta so ko sau ɗaya ta ɗanɗana kwanciyar hankalin mijinta. Ba ta gaya masa ba.

Yau da hantsi kogin ya tsallake katangar da ta tsare garin. Kamar yadda aka saba, kowa ya shiga kwashe kayan ƙarƙashin gida yana haurawa da su sama. Glenys na jan injin wanki, ruwa mai launin kunu yana dukan gwiwarta.

"Bar shi, tsohuwa, kar ki karya bayanki," in ji Merv daga matakala. "To don me muke biyan ɓarayin nan 'yan inshora? Su saya miki sabo!"

Kafin azahar ruwa ya shanye matakalar, ya fara tsattsafowa ta tsakanin katakan daɓe. Wani mataccen ɗan maraƙi ya wuce ta gaban taga, ƙafafu a sama. Sai ga Col, maƙwabcinsu, da ƙaramin jirginsa na kamun kifi, ya ɗaure a jikin baranda.

"Glen, shigo! Kai kuma Merv, da wannan tumbin, sai dai mu ja ka da igiya."

"Ji mutum! Masuncin da bai taɓa kama komai ba sai mura," in ji Merv.

Merv ya sa ƙafa ɗaya a jirgin, sai ya tsaya. Ya waiwayi gidan ubansa, dariyar ta gushe daga fuskarsa.

"Glen, an dai biya na bana, ko? Har da ambaliya?"

Ta san mijinta. In ya ji gaskiya zai janye ƙafar nan, ya koma ciki yana ɗora kujeru a kan kabad, da ciwon zuciyarsa da komai, har ruwa ya kai shi rufi. Ba Col ba, ko soja ba ya fito da shi. Wannan hujja ce mai kyau, kuma kyanta ne ya ƙara tsorata ta, don ta kasa tantancewa ko ransa take ceto, ko kuwa kanta take ɓoyewa daga idonsa.

"An biya," ta ce.

"Shi ke nan." Ya faɗa cikin jirgin, ya miƙo mata hannu.

Col ya tayar da injin. Suka bi ta kan titinsu, suna sunkuyar da kai saboda wayoyin lantarki. Hawaye suka soma zubo wa Glenys. Merv ya dafa kafaɗarta, ya ɗaga murya saboda ƙarar injin.

"Daina kuka mana. Wannan karon kicin ɗin da kika daɗe kina so za a yi miki. Wane launi?"



"Shuɗi," ta ce.