Dattijo Mai Jarkar Ruwa a Tashar Jidda

A layin shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa akwai wani dattijo da ya kasa tsayawa wuri guda. Dogo ne siriri, da rawani irin na mutanen Sudan. Ya taɓa aljihun da iƙamarsa, takardar izinin zama, take, ya ɗaga kai ya ƙirga benayen jirgin, ya sake taɓa aljihun. Kowa na jan akwati mai taya, shi kuwa jarkar ruwa ce rungume a ƙirjinsa, an ɗaure bakinta da leda.

Da gani 'yarsa ce ta shirya tafiyar, don ita ke karanta masa saƙon kamfanin a waya: kwana uku kacal, ɗaki mai sanyi, abinci har sai ka ture. Shi ko sunan kamfanin bai iya faɗa ba, balle ya yarda da shi.

A wurin bincike ma'aikaci ya nuna jarkar, ya girgiza kai.

"Baba, halas, ya isa haka, ajiye ta," in ji 'yar, ƙasa-ƙasa. "Akwai ruwa a jirgin, har na iyo."

"Haka mai kwalekwale ya ce wa kakanki a Sawakin," ya amsa. "Su tara suka shiga, shida suka sauka."

Layi ya tsaya, na baya na ta cewa yalla, yalla, a yi sauri. Dattijon ya tsuguna, ya kwance ledar, ya kafa kai yana sha har ruwa na bin gemunsa. Sannan ya miƙa mata.

"Ke ma sha."