Harshena da Zoɓon Inna Falmata

Jiya a Kasuwar Sabon Gari wata tsohuwa ta kafe ni da ido, har sai da na dafe aljihuna. Can ta ce, "Kai ba Sani ba ne na layinmu a Fagge? Fito da harshenka in gani."

Ashe Inna Falmata ce mai zoɓo. Muna yara, duk dogon hutu tana shiga sallar azahar sai mu zari ƙullin zoɓo a kular da ke zaurenta. In ta fito ta jera mu tana duba harshe, mai ja ya sha ranƙwashi. Ni kuwa da sabulu nake dirje nawa.

Na ce, "Inna, ai ni ba ki taɓa kama ni ba."

Ta ce, "Kai da bakinka ke ƙamshin sabulun wanki? Ina sane. Gani na yi azabar da kake wa kanka ta fi ranƙwashina."

Na nemi gafara ta yafe, amma sai da ta mayar da ledar cefanenta ɗaya hannun, ta sakar mini ranƙwashi a ka.

Ku fa, wa kuke zaton kun yi wa wayo, alhali kallonku kawai yake?